Abin da Tafireta Ta Sayar

A benen da nake haya, ƙofata da tasu suna kallon juna. Tsakaninmu baranda ce siririya, wadda in na shanya zane sai ya ɗiga a kan takalmansu. Saboda haka in na ce na san Tafireta, ba sanin gaisuwa nake nufi ba. Na san tarinta, na san ranar da girki ya ƙone mata, na san ƙarar da gadonsu yake yi in an juya mutum a kansa. Ƙarar nan ta ƙarshe na fi sani, domin ita ta ciyar da gidan, ita kuma ta raba shi.

Ni na laƙaba mata sunan. Lokacin da suka tare, tana aiki a wani shagon buga takardu da ke bakin titi, inda mutane ke kawo rubutunsu kamar kaza ta yi tono, ta mayar musu da shi tsaf a jere. Da kwamfuta take bugawa, amma a zamanina tafireta ake cewa, kuma ban ga dalilin canza baki don an canza ƙarfe ba. Ita ce babba a gidansu, ta goya ƙannenta har suka fi ta tsawo suka manta hanyar gidanta. Mace ce marar yawan magana. Yatsunta ne masu surutu. Ko hira muke yi sai in ga suna motsi a kan cinyarta, kamar tana ɗaukar abin da nake faɗa don ta kai ni ƙara.

Mijinta kuwa ya ishi gidan magana, har da rara. Malamin koyar da tuƙi ne, kowa Birki yake ce masa, don tun daga kan kwana ake jin muryarsa ta tagar mota: "Birki na ce, ba totur ba. So kake mu gaisa da katangar mutane?" A shagon suka haɗu. Ya kawo tallan makarantarsa a buga masa, ya rubuta cewa ɗalibinsa bai taɓa yin hatsari ba. Ta tambaye shi ko haka za ta buga, ko gaskiya yake so. Ya ce tun da aka haife shi ba a taɓa tsayar da shi da magana ɗaya ba sai ranar, don haka ya aure ta.

Dogo ne, mai tsafta har ta yi yawa. Bai taɓa fitowa baranda da singileti ba. Takalminsa kana iya duba haƙorinka a ciki. Akwai lokacin da ciki ya ɓaci masa, ya sa matar ta ce wa masu nemansa ya yi tafiya, alhali ina jin ƙofar banɗakinsu tana buɗewa tana rufewa kamar ta kanti. Irin mazan nan ne da gara a ce sun mutu da a ce sun yi gudawa.

"Tsohuwa," yakan ce in mun haɗu a matakala, "zo in koya miki tuƙi kyauta, kafin a saka ki a motar da ba a zama a gaba."

"Bari sai na gaji da rayuwa," nake ce masa. "Ina ganin yadda motarka take dawowa."

Ba su haihu ba. Ba su kuma ba kowa fuskar yi musu jaje a kan hakan ba.

Wata safiya ya sunkuya zai ɗaura igiyar takalmi, bai ɗago ba. Hawan jini, aka ce. Da aka sallamo shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya tafi, magana ma ta bi shi. Daga cikin duk surutun nan kalma ɗaya aka bar masa: "to". Yana jin ƙishi, "to". Yana jin zafi, "to". An ce masa wane ya rasu, "to". Amma hankalinsa yana nan daram, likita ya faɗa, mu ma mun gani a idonsa. In yana son ya ce a'a, da hannun hagu yake faɗa: ya yi ta bugun katakon gado da tafi har sai an daina abin da ake yi.

Dangi sun zo da farko, da lemo da shawarwari. Lemon ya ƙare, shawarwarin suka koma ta waya, daga baya wayar ma ta huta. Yana da ƙane, mai shagon kayan gini, wanda yakan tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota, ya ce, "Yaya, jiki da sauƙi ko?" Birki ya ce, "To." Ƙanen ya ce, "Alhamdulillahi," ya sauka. Aka sayar da motar koyarwa. Tafireta ta bar shago, don ba mai juya mata shi in ta fita, kuma mutumin da ba a juyawa fatarsa ruɓewa take yi.

Ba wanda ya koya mata jinya. A asibiti an ce mata ta kula da shi sosai, aka kira na gaba. A jikinsa ta koya. Ta gano cewa in ta ninka zanen gado ta shimfiɗa a ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya, tana iya jan mutum mai nauyinsa ba tare da ƙugunta ya tsinke ba. Ta gano cewa cokali ta gefen hagu ake shigar da shi, kuma bayan an gama sai an sa yatsa an duba kuncin dama, don abinci yakan ɓuya a can bai sani ba. Ta gano ruwa zalla ya fi komai shaƙe shi. Ta gano inda ake sa matashi, da inda in an sa shi gobe a ga ja.

Mai shagon buga takardu ya ba ta wata tsohuwar kwamfuta a matsayin sallama. Da rana in Birki ya yi barci, sai ta ɗora ta a kan teburin cin abinci, yatsun nan su samu abin da suke so. Ta buɗe shafi a intanet, irin wanda suke kira bulog, ta sa masa suna Ɗakin Jinya. Da farko don ta rage abin da ke ƙirjinta ne. A ciki ba ta kiran mijinta da komai sai Maigida. Ashe duniya cike take da ɗakuna irin nata, kowanne da mace a tsaye a kan gado ba ta san ta inda za ta kama ba. Tambayoyi suka yi ta zuwa. Da ta gaji da maimaita amsa, ta tattara komai ta mayar da shi littafi na sayarwa.

"Ina littafin?" na ce.

"Yana cikin waya, Iya. Mutum ya biya, sai ya sauke a tasa."

"In ya sauke, ke me ya rage miki?"

"Yana nan yadda yake."

"Kin sayar, kuma yana nan? 'Yar nan, a zamaninmu wannan sana'ar kurkuku take kai mutum."

Ta yi dariya, abin da na daɗe ban ji ba.

Kuma ya sayu. Ba irin sayuwar da ake gina gida da ita ba, amma wayarta takan yi ƙara tana tsakiyar wanke fo, ta leƙa, ta ci gaba da wanki kafaɗarta ta ɗan sauka. Magani ya daina yankewa. Ta sayi keken guragu da shimfiɗar roba mai kyau. Mai gidan haya ya koma amsa gaisuwarta da baki, ba da hanci ba. Wata rana ta ce mini, "Iya, asiri ya rufu."

Na ce ta karanta mini abin da ya rufe shi, tunda idona ya daina shiri da ƙananan baƙaƙen nan. Ta karanta babin juyawa, na ce madalla. Ta karanta babin ciyarwa. Sai ta zo kan babin kunzugu, ta rage murya. A ciki ta faɗi yadda ake sa wa babban mutum kunzugu, yadda ake cirewa, abin da ake shafawa. Ta kuma faɗi ranar farko da ta sa wa Maigida, yadda ya bugi gado har tafinsa ya kumbura, yadda daga baya ya juya fuska ya yi kuka irin na yaron da aka manta a kasuwa, ita kuma ta yi kamar tana neman wani abu a ƙarƙashin gado har ya gama. Rubutun ya yi kyau. Abin da ya dame ni ke nan.

"Asirin wa kika ce ya rufu?" na ce.

"Ban sa suna ba, Iya. Ban sa unguwa ba."

"Ya sani?"

"Ya san ina rubutu."

"Ya san shi kike rubutawa?"

Ta rufe kwamfutar. Ta ce babin nan ne mutane suka fi aiko mata da godiya a kansa, don kowace mace tana tsammanin nata majinyacin ne kaɗai ke kuka. Gaskiya ta faɗa. Amma daga ranar na lura in za ta yi rubutu sai ta juya fuskar kwamfutar ta kalli bango. Abin da take tsoro ɗaya ne, mu biyu mun san shi: ranar da mutumin da ya ɓoye gudawarsa zai ji cewa ana karanta kukansa a garuruwan da bai taɓa takawa ba.

Sai ciniki ya ja baya. Mace ɗaya za ta biya, ta tura wa 'yan'uwanta da na mijinta da ƙawar da suka haɗu a layin asibiti. Wani ma ya cire sunan shafin ya sa nasa, ya karya farashi. Tafireta ta shiga neman dabara, ta faɗa hannun wani malamin intanet, wanda sana'arsa ita ce koya wa mutane sayar da abin da suka sani. Na ga hotonsa: kwat, haƙora farare, ya jingina da wata mota da ko ni na gane ba tasa ba ce, don yadda yake tsoron taɓa ta. Ta biya, ta saurari darussansa tana guga. Abin da ya ce a taƙaice shi ne rubutu kowa na iya sacewa, a ba mutane murya, a ba su abin da za su gani da ido, don ba ilimi suke saye ba, mutum suke saye.

"Shi me ya sani da yake sayarwa?" na ce.

"Yadda ake sayarwa."

"Wa ya taɓa sayar wa?"

"Mu."

"To ya iya."

Ta fara da murya. Takan shiga kicin ta rufe ƙofa, ta faɗi wankan marar lafiya daki-daki, a hankali, tana barin sarari bayan kowace magana don mai sauraro ya aikata. Ta yi na juyawa, ta yi na ciyarwa. Waya ta sake yin ƙara. Masu saye suka ce sun ji, amma jan zanen nan sai sun gani. Gani kuwa sai da gado, gado kuma sai da wanda ke kansa.

Ta kira ni in zama shaida, don ta ce ba za ta yi ba sai da izininsa. Na same ta a bakin gado tana yanke masa farce.

"Malam," ta ce, "ina so in ɗauki bidiyon yadda nake juya ka, don masu jinya irina su gani. Fuskarka ba za ta fito ba. Zan rufe ka da zane. Ka yarda?"

Ya dube ta. Ya ce, "To."

Ta juyo ta kalle ni.

"Tambaye shi ko ya yarda mu jefa shi ta taga," na ce.

Ba ta yi dariya ba. Ni kuma hannun nake kallo. Na hagun ne, wanda yake cewa a'a da shi, yana cikin hannayenta biyu, ta riƙe shi gam, da abin yanke farce a kan ɗan yatsa. Ban san ko da gangan ta zaɓi lokacin ba. Ina jin ita ma ba ta sani ba, kuma ba ta son ta sani.

Aka jingina waya da gwangwanin madara a kan kujera, aka ɗauka. Ta cika alkawari: ba fuska, ba tsiraici, sai kafaɗa da zane da hannayenta masu aiki. Amma in an juya mutum hannunsa yakan faɗo gefen gado, na Birki kuma ba hannun da ake mantawa ba ne. Yana da tabon ƙuna fari daga wuyan hannu zuwa babban yatsa, tun ranar da ya buɗe murfin lagireton mota da zafinsa. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar koyo ya sha ganin tabon nan yana fizge masa sitiyari.

Ranar da abin ya faru, ta fito da shi baranda ya sha hantsi. Ta sa masa riga mai guga da hula, ta rufe masa cinya da tawul mai tsafta. Ina zaune a ƙofata ina tsokanarsa cewa ya fi kyau tun da ya yi shiru, yana hararata da ido mai dariya a ciki. Sai ga wani ƙaton mutum ya hawo yana haki, da ledar lemo a hannu. Direban tasi ne, tsohon ɗalibinsa.

"Malam," ya ce, ya durƙusa a gaban keken, "ashe kai ne Maigida. Ina ganin tabon nan na ce wa matata, ƙeyata ta san wannan hannun."

Tafireta tana bakin ƙofa da kofi a hannu. Ta ce, "Sannu da zuwa. Bismillah, shigo ciki ka sha ruwa."

Bai ji ba. Mutumin kirki ne, irin kirkin da ba ya duba madubi kafin ya yi ribas. Ya ce mahaifiyarsa ce a kwance, matarsa ta sayi littafin da darussan gaba ɗaya, sun huta da ciwon baya.

"Ka ga ikon Allah, Malam, ko a kwance kana koyar da mu. Babin nan na kunzugu, ranar da ka yi kuka, matata ta karanta wa Mama. Mama ta ce in namiji kamar wannan ya haƙura, ita wace ce? Tun ranar ba ta ƙara yi mana gardama ba. Na tura wa duk 'yan tasharmu, na ce ku zo ku ga malaminmu. Ai rabinsu kai ka koya musu. Suna gaishe ka."

Hannun ya fara bugun ƙarfen keken. A hankali, sannan da ƙarfi. Direban ya ɗauka gaisuwa ce, ya cafke shi da hannu biyu yana girgizawa, yana cewa, "Ni ne da godiya, Malam, ni ne da godiya."

"Ɗan nan," na ce, "ina ka ajiye motarka?"

"A ƙasa, Iya."

"Je ka duba ta. Kamar na ji tana kiranka."

Ya tafi yana murna, ya bar lemon a cinyar malaminsa.

Birki bai kalli matarsa ba. Ta tura keken ciki. Da rana ta kawo abinci, ya datse baki. Ta kawo ruwa, ya datse. Ta zo juya shi, ya bugi gado, ta juya shi duk da haka don ba ta da zaɓi, ya sandare mata kamar katako. Ko "to" ɗin ya janye. Washegari ta ƙwanƙwasa mini, ta miƙo kwano da cokali.

"Buɗe baki, ango," na ce masa. "Yau budurwa ce ta zo ba ka abinci. An ce ta ƙofar gefe ake shigarka, kamar ofishin gwamnati."

Ya karɓi kaɗan, don kunya ko don yunwa. Ita tana bayan labule tana leƙe.

Ta goge bidiyon daga shafin. Ta cire babin. Ta aika wa masu saye saƙo tana roƙon su goge nasu. Wasu suka ce sun goge, wasu suka tambaya ko za a mayar musu da kuɗinsu, wasu kuma da ba su taɓa jin labarin ba suka shiga nema. Abin ya riga ya shiga wayar direbobi da ta fasinjojinsu. Ta durƙusa a bakin gado ta yi masa bayani, ina ji, don ba ta rufe ƙofa ba. Ta ce maganin da yake sha daga nan ne. Keken daga nan ne. Ɗakin da suke ciki daga nan ne. Ta ce, "Malam, wa zan roƙa? Nuna mini mutum ɗaya, in je in roƙe shi." Ya ci gaba da kallon bango.

Ƙanen kuwa, a shagonsa wani mai sayen fenti ya nuna masa bidiyon. Ya hawo benen da gudu, leburorinsa na biye da shi. Ranar na fara ganin ya wuce bakin ƙofa.

"Matar Yaya, abin da za ki saka mana da shi ke nan? Ki kai tsiraicin ɗan'uwana kasuwa?"

"Da ka saya, da ka ga ba tsiraici a ciki," ta ce.

"Ana nuna ni da yatsa a cikin gari."

"Kai ake nunawa?" na ce daga baranda. "Ashe kai ne a kwancen. Allah ya ba ka lafiya."

"Iya, ba da ke nake ba."

"Na sani. Mamaki kawai nake, ashe ƙofar tana ɗaukarka. Na ɗauka ƙanƙanta ta yi maka."

Ya ƙyale ni, ya je ya tsaya a kan gadon. Ya ce, "Yaya, na zo in tafi da kai gidana. Za ka bi ni?"

Tafireta ba ta kalli fuskar mijinta ba, ba ta saurari bakinsa ba. Hannun ta kalla. Yana kwance a kan bargo, a sake, ba wanda ya riƙe shi, ga katakon gado kusa da shi. Muka jira, ita da ni, don mu kaɗai muka san inda amsar take. Ƙanen yana ta kaɗa makulli. Hannun bai motsa ba.

Ita ta haɗa masa kaya. Ta ninka zanen juyawa ta sa a sama. Leburorin suka ɗauke shi kamar buhun siminti, ta bi su matakala tana cewa a tallafe kafaɗar dama, kada a ja ta, tana iya gocewa.

A gidan ƙanen aka share masa wani ɗaki a baya, inda ake ajiye ragowar tayil da bokitan fenti. Jinya ta faɗa kan matar ƙanen, yarinya mai haƙuri da 'ya'ya ƙanana a gindinta, wadda ba a tambaye ta ba kafin a kawo mata. Shi ƙanen ya gama nasa tun a matakala. Tafireta ta je dubiya. Da jin takunta Birki ya rufe ido ya fara bugun gado, ta juya daga bakin ƙofa. Ta sake zuwa, haka aka yi. Daga nan ta koma aika kunzugu da magani, don ƙanen ya ce kasuwar kayan gini ta yi sanyi. Bai tambayi inda suke fitowa ba. Karɓa kawai aka yi.

Ba a daɗe ba matar ƙanen ta kira ta a ɓoye, tana kuka, ta ce ƙugun Yaya ya yi ja, fatar ta fara salewa. Tafireta ta tura mata komai: littafin, da darussan murya, da bidiyon da ta goge a shafi amma ba ta goge a kwamfuta ba.

Ni aka bari da zuwa dubiya, da gwiwoyin nan nawa. Na iske ana shirin yi masa wanka. Na ce zan jira a waje, yarinyar ta ce in zauna in riƙe mata tawul. Ya rame. Ya dube ni, na ce, "Ango, ka gudu ka bar ni ko?" Bakinsa ya ɗan karkace. Yarinyar ta jingina waya da bokitin fenti ta danna. Sai muryar Tafireta ta cika ɗakin, a hankali, da gurnanin firjin kicin ɗinsu a bayanta.

"Ki fara taɓa ruwan da gwiwar hannunki. Maigida ba ya son mai zafi sosai. Naki kuma ki lura da abin da yake so."

Na ɗauka zai bugi gado. Rufe ido kawai ya yi. Yarinyar tana bin muryar sannu a hankali, tana tsayawa inda aka tsaya. Aka wanke fuska, aka wanke wuya. Muryar ta yi shiru don a ba yarinyar lokaci. Cikin shirun nan, kafin a ce komai, na ga hannun hagu ya tashi da kansa, ya miƙe sama yana jira. Sannan muryar ta ce, "Yanzu ki ɗaga hannunsa mai lafiya."

"Kullum haka yake yi," yarinyar ta ce. "Sai ya riga ta."

Da na dawo na sami Tafireta a teburinta. Ɗakin ya yi faɗi, gadon a gyare ba ko lanƙwasa. Masu karatu suna ta tambayar jikin Maigida, tana amsa musu da "da sauƙi", don abin da ake cewa ke nan.

"Ya tambaye ni?" ta ce.

"Da wane bakin?"

Na faɗa mata abin da na gani, ban ƙara ba, ban rage ba, wanda ba halina ba ne. Ta daɗe tana kallon kwamfutar. Na zaci kuka za ta yi, har na fara neman abin da zan ce in ɓata shi.

"Ta duba dugadugansa?" ta ce.

"Ban lura ba."

"Ba ta duba ba. Ban sa shi a darasin wanka ba, na manta. Daga nan gyambo yake fara ci, kuma shi ba ya ji."

Ta tashi ta shiga kicin ta rufe ƙofa. Na ji ta tana magana a hankali, yadda ake ɗaga dunduniya daga katifa da naɗaɗɗen tawul, yadda ake danna fata a ga ko jan zai koma fari. Wannan karon ba ta ce Maigida ba. Ta ce, "Malam yana da kaushi a ta hagu, ki bi shi a hankali." Da ta fito ta tura wa yarinyar muryar da ta ɗauka.

"Wannan ma na kasuwa ne?" na ce.

"A'a, Iya. Na mutum ɗaya ne."

Ta riƙe darasin har ƙarshen wata, lokacin da kunzugun can ya ƙare aka aiko a karɓi wani. Daga nan ta yanke wurin da ta ce Malam, ta sa masa farashi.